Faifan Takaba

A ƙauyen da ke bakin babbar tur'a, magudanar ruwan noman rani, arewa da Sinnar, shekara talatin ba a kai amarya ɗaki ba sai da faifan Indo a cikin kayanta. Mata da yawa suna ɗinkin faifai a garin, amma duk wadda ta kai ƙarshe sai ta kawo wa Indo ta kashe mata baki, domin a bakin faifai ake gane gwana. Indo ƙirga take yi. Bakwai ja, uku baƙi, bakwai ja, har zagaye ya haɗu ba ragi ba ƙari. A Mai Wurno ta koya, wurin mahaifiyarsu Iya, ita da ƙanwarta Dije a kan tabarma ɗaya. Iya takan ce Indo ta ɗauki hannu, Dije ta ɗauki baki. Maganar ta bi su har girma, kuma ba wadda ta taɓa musa ta.

A ƙarshen daminar 1965 zazzaɓi ya ɗauke Sodangi, mijin Dije. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kasuwa ba ƙofar gida. Ta fita daidai lokacin da auduga ta fashe a gonaki.

A makon ne Abdulmuttalib ya sauka daga lorin Sinnar. Ɗan wansu Mahmud ne, sunan mahaifinsu aka sa masa, don haka su biyun Babana suke ce masa. Ya yi karatun zane a Khartoum, yana koyarwa a wata makaranta a Sinnar, Larabci kuma ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Sau ɗaya ya taɓa kawo aikinsa gida: ƙyalle a kan katako, babu mutum, babu dabba, babu bishiya, sai shuɗi da ruwan ƙasa da wasu layuka kamar baƙaƙen allo da ruwa ya taɓa. Indo ta duba ta tambaye shi ina ne sama. Ya ce duk inda ta ga dama. Ta ce to Allah ya sa albarka, ko ba komai bai zana mai rai ba.

Wannan karon da magana ya zo. Shi da abokansa za su yi ma'arad a Khartoum, wato za su rataye zane-zanensu a wani zaure mutane su shigo kallo. Yana so ya rataye faifai ɗaya na gida a tsakiyarsu, da sunan wadda ta ɗinka a rubuce a ƙarƙashi.

Indo ba ta tambayi faifan wa ba. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin rumfa ta jera guda goma sha biyu: mai tsani, mai idon zabuwa, mai haƙorin kada wanda ba kowa take yi wa ba. Ya tsuguna ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Tamam, Goggo. Kamar injin ya buga."

Ta ɗauka yabo ne. Ya ce bari ya gaida Goggo Dije da fita takaba tukuna, sai ya dawo ya zaɓa. Indo ta yafa mayafi ta bi shi, katanga ɗaya ce tsakanin gidajen.

Dije ta kawo masa kisra, wainar dawa mai faɗi, a faranti, an rufe da wani faifai da ba a ƙarasa ba, jelar ciyawarsa na reto a gefe. Ya kai hannu zai buɗe abinci, sai hannun ya tsaya a kan murfin.

Indo ta riga ta san faifan. Ta gan shi a cinyar Dije tun cikin takaba, ta kau da kai don kara. Cibiyarsa ta fara da ja yadda aka saba. A zagaye na huɗu jan ya yanke, bai kai rabin hanya ba. Daga nan baƙi ya taso, ya kumbura ta gefe ɗaya kamar gindin tukunya, ya ci zagaye bayan zagaye ba ƙa'ida, wani wuri a matse, wani wuri a sake har ciyawa na leƙowa. Can waje baƙin ya sirance, aka koma farar kaba da ba ta ga rini ba. Ko zagayen kansa bai cika ba, ya yi tsawo kamar ƙwai.

"Goggo, wannan fa?"

"Ka bar shi, Babana, abin hannu ne kawai. Galura ta ƙare mini, ba damar fita, na yi da abin da ke ɗaki."

"Ba ki ƙirga ba?"

"Kwanaki nake ƙirgawa."

Ya ɗauke faifan ya jingina shi da bango, ya ja da baya har ya kusa taka kaza. Ya daɗe yana kallo. Kisra ta sha iska, ƙudaje suka sauka.

"Wannan nake so," in ji shi.

Indo ta yi dariya kaɗan. "Wanga? A Khartoum? So kake a ce Hausawan Jazira sun makance?"

"Naki ido ne ke kallonsu, Goggo, kuma ido na jin daɗi. Wannan kuwa…" Ya nemi kalmar bai samu ba, ya ɗora tafi a ƙirji. "Hina. Nan yake zama. Ko ba a gaya wa mutum komai ba, ya san an yi rashi."

"Faifai murfi ne, Babana. Ƙuda ake tsarewa da shi. Ga shi ka ɗauke, dubi abincinka."

Ya yi dariya, Dije ma ta yi. Ya ce ta ƙarasa shi yadda hannunta ya ga dama, zai dawo Juma'a ta sama ya ɗauka. Da zai tafi ya biyo ta rumfar Indo ya sake yaba goma sha biyun a tsaye, bai tsuguna ba. Bayan tafiyarsa ta tattara su ta mayar cikin adaka. Ta lura hannunta ya jera su ba bisa tsari ba, ta sake fito da su ta gyara.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Talatu maƙwabciya, wadda ɗiyarta ke da baiko, ta leƙo ta katanga.

"Indo, ashe Dije za a rataye a birni?"

"Faifanta dai."

"To ai ɗaya ne. Ni na zaci ke ce."

"Yaran yanzu in sun yi karatu sai su ga kyau a bola."

"Haka ne," in ji Talatu, amma ba ta sauka daga katangar da wuri ba.

Dije ba ta samu zama ba. Hawashar Sodangi, gonar audugar da hukumar noman rani ta ba shi, tana jiran tsinka, kuma ba a jinkirta wa mai takaba. Tun sassafe take shiga layi da sauran mata, ƙwanson auduga ya tsattsage mata yatsu. Zagaye biyu ta iya ƙarawa, na farar kaba. Ranar Alhamis ta shigo gidan Indo ta ajiye faifan a tabarma, ta nuna yatsunta.

"Yaya, kashe mini baki. Basilla ba ta riƙuwa."

"Ajiye."

Kwana takwas ya rage. Kashe baki aikin hantsi ɗaya ne.

Indo ta zauna da faifan a cinya bayan mata sun tafi gona. Ta gaya wa kanta cewa za a rubuta sunan mahaifinsu a ƙarƙashinsa, cewa Larabawan birni da ke kiransu Fallata za su tsaya su yi dariya, cewa da Iya na raye da ta jefa shi murhu. Duk gaskiya ne a ganinta. Amma abin da take so bai wuce ɗaya ba: Babana ya duba ya ce ba wannan ya gani ba, ya ajiye, ya dawo kan tabarmarta.

Faifai daga cibiya yake tashi, zare ɗaya ne har baki. Kuskuren da ke ciki ba ya gyaruwa daga waje, sai an warware duk abin da ke bayansa. Ta sa basilla a ɗinkin ƙarshe ta ɗaga.

Farar kabar ta fita da sauƙi. Da ta isa baƙin, aikin ya yi nauyi. Akwai inda Dije ta ja har kaba ta tsage, ta ƙulla ta ci gaba. Akwai inda ɗinki uku suka hau kan juna a rami ɗaya, kamar wadda ta manta ta riga ta soka. A wani zagayen akwai ɗigon jini da ya bushe. Indo ta ga wannan duka da idon sana'a, ta ce a ranta aikin ganganci, ta ci gaba da ja. Kabar da ta fito a nannaɗe take, ba ta miƙuwa. Ta tara ta a wata tsohuwar kwalla ta tura ƙarƙashin gado.

A zagaye na tara ta tsaya, ba don tausayi ba. Daga nan zuwa ciki ɗinkin ya matse har basilla ba ta shiga sai ta karya ciyawar, in kuwa ciyawar ta karye faifan ya mutu, sai sabo. Abin da ya rage bai wuce tafin hannu ba: jan da ya yanke, da baƙin da ya kumbura ta gefe ɗaya.

Ta jiƙa kabarta mafi kyau, ja na karan dafi da baƙi da fari. Ta fara haƙorin kada. Nan ta gamu da matsalar da ba ta taɓa gamuwa da ita ba: cibiyar a karkace take, kuma ƙirgarta ta zagaye cikakke ce. Dole ta ƙara ɗinki ta gefen da ya rame, ta matse ta gefen da ya kumbura, zagaye bayan zagaye, har ta dawo da shi hanya. Haƙoran da ke kusa da baƙin suka ranƙwafa kansa, suka yi tsini, suka taru. Sai a zagaye na bakwai na sabon ɗinkin suka miƙe suka jeru daidai. Kwana bakwai ta yi tana wannan, ƙofa a saye, daga hantsi zuwa la'asar. Da ta kashe baki ta ɗaga shi ta duba bayansa, babu ƙulli ko ɗaya da ya fito. Ta san ba ta taɓa yin aiki kamarsa ba, kuma ta san ba za ta sake ba.

Ranar Juma'a Dije ba ta je gona ba. Ta shigo karɓar faifanta, Abdulmuttalib na biye da ita da jakarsa, a hanya suka haɗu. Indo ta miƙo shi a naɗe cikin ƙyalle. Shi ya kwance.

Dije ta dubi faifan, ta dubi cibiyar, ta bi zagayen da ido zuwa baki. Ba ta dubi yayarta ba.

"Ba haka na bar shi ba," in ji Abdulmuttalib.

Indo ta gyara zama. Adakar na bayanta, ta riga ta cire kwaɗon tun safe.

Ya jingina faifan da bango, ya ja da baya kamar wancan karon. Ya matso, ya sa yatsa inda haƙoran suka ranƙwafa. Ya sake ja da baya.

"Wa ya ƙarasa?"

A garin nan kowace mace ta san dokar: abin da aka kawo a kashe wa baki amana ne. Ana iya yi wa mai shi gori, ba a taɓa mata ɗinki ko ɗaya. Balle faifan takaba. Indo ta san wannan tun kafin ta sa basilla, sai dai ta yi zaton ba za a kai ga tambaya ba, zai ajiye ne kawai. Ta buɗe baki ba tare da ta san abin da zai fito ba.

"Ni," in ji Dije. "Na warware na sake. Yaya baki kawai ta kashe."

"Da waɗannan yatsun?"

"Da su."

"Ya salam." Ya tsuguna gaban faifan. "Na farkon kuka ne, Goggo. Wannan kuwa mutum ne ya danne kukan da ƙarfi, yana so ya haɗiye shi, ya kasa. Dubi yadda suka taru a kansa, kamar za su cinye shi. Akwai fushi a nan."

"Akwai," in ji Dije.

Ya fito da takarda ya rubuta da Larabci, yana faɗa a fili: Khadija Abdulmuttalib. Ya naɗe faifan a ƙyallen Indo ya sa a jaka. Da zai fita ya juyo ya ce, "Bakin ma ya yi kyau, Goggo Indo. Shukran." Dije ta raka shi zuwa inda lori ke tsayawa, daga can ta wuce gidanta.

Wata guda su biyun suna gaisawa ta katanga, ina kwana, ina gajiya, ya auduga. Indo tana jiran ranar da Dije za ta shigo da maganar. Ba ta shigo ba.

Bayan an gama tsinka ta biyu Abdulmuttalib ya dawo da jarida a naɗe. Mata suka taru a tsakar gidan Dije, aka dafa jabana, wato gahawa. Hoton ƙarami ne, baƙi da fari, ɗinki ba ya ganuwa, sai baƙin tabo a tsakiya da haƙora kewaye da shi. A gefensa an ga kusurwar wani zane irin nasa. Ya karanta yana fassarawa. Marubucin ya ce mutane sun fi daɗewa a gaban faifan fiye da gaban zanen masu digiri. Ya ce cibiyar kowa zai iya yin ta in baƙin ciki ya kama shi, amma zagaye goma sha huɗun da ke waje aikin gwana ne wadda ta san ƙa'ida har ta iya lanƙwasa ta, kuma a cikinsu ne faifan ya zama abin da ya zama.

"Sake karanta wurin," in ji Indo.

Ya sake. Ta saurara har ƙarshe, finjalin jabana a hannunta bai motsa ba.

Talatu ta karɓi jaridar ta kai ta kusa da hanci, ta nisanta, ta juya ta. "Haƙorin kada ne wanga. Indo, ashe Dije ta kamo ki ba mu sani ba."

"Uwa ɗaya ta koya mana."

"An ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Yau ga na baya a jarida." Matan suka yi dariya. Talatu ta juya wurin Dije. "Na ɗiyata ke za ki yi mata. Irin na Khartoum nake so."

Dije ta ce sai yatsu sun warke. Indo ta ajiye finjalin ta ce ta bar tukunya a wuta.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, Dije ta shigo. Ta zauna a bakin tabarma, inda masu kawo kashe baki ke zama.

"Yaya, ina kabata?"

Indo ta yi niyyar cewa ta ƙone. Sai ta tashi ta jawo kwallar daga ƙarƙashin gado. Dije ta buɗe. Baƙar kabar na nan a nannaɗe, kowane sili da lanƙwasar ramin da ya fito. Ta sa yatsu a ciki tana juyawa.

"A wani zagaye cikin waɗanga na daina jin tarinsa a zaure," in ji ta. "A da na san wurin. Nakan sa yatsa in taɓa."

Ta ɗago sili ɗaya, ta mayar.

"Yanzu ban san wanne ba ne."

"Mi ya sa kika ce ke ce?" in ji Indo.

"Da na ce ke ce, wa zai ƙara kawo miki faifai? Ɗiyar Iya ta ci amanar mai takaba. Da ni da ke duk suna ɗaya aka rubuta mana."

"Don ki rufa mini asiri ke nan."

Dije ta ɗago ta dube ta, karo na farko tun ranar Juma'ar nan. "Rabin dalilin ke nan."

Ta juye kabar a gefen mayafinta ta ƙulle. Ta tashi, ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"Na Talatu fa? Ni ban iya haƙorin kada ba, kin sani."

"Ki gaya mata."

"Ke ki gaya mata. Gidanki ya fi kusa."

Indo ta dubi katangar. Daga bayanta ana jin Talatu na daka, tana yi wa ɗiyarta faɗa a kan gishiri. Taku goma ne. Ta san abin da za ta ce, ta san kuma abin da zai biyo baya: kafin magariba an san ita ce gwanar da jarida ta yaba, kafin gobe ba sauran mai ajiye mata faifai a tabarma.

"Biki yaushe?" in ji ta.

"Bayan ƙaramar salla."

"Ki karɓo kabar. Ki kawo ta ƙofar baya."

Dije ta gyaɗa kai ta fita da ƙullinta.

Washegari da hantsi kabar ta iso, an riga an rina. Indo ta saya ƙofa. Irin na Khartoum aka ce, don haka cibiyar sai ta karkace, jan sai ya yanke. Ta naɗa ciyawa ta fara, ta kawar da idonta daga aikin da gangan, tana kallon kaji, tana barin basilla ta faɗa inda ta faɗa. A zagaye na huɗu ta duba. Jan ya haɗu da kansa, ba ragi ba ƙari. Ta warware ta sake. Sau uku tana yi, yana fitowa daidai. A na huɗu ta ajiye basillar, ta je bakin katanga ta kira Dije ta zo ta fara mata cibiya.